Hoton majigi yana ɗaukewa a wayar HDMI mai mita 15: ta ina za a fara bincike?

Wani Alhaji daga Unguwar Rimi a nan Kaduna ya aiko da tambaya. Ya mayar da falon sama ɗakin kallo: majigi a rataye a silin, amfilifaya da dikoda da PlayStation 5 suna cikin kabad a ɗaya kusurwar, wayar HDMI mai mita 15 ta bi ta cikin silin POP ta haɗa su. Ya ce idan ƙwallo ake kallo ta dikoda, lafiya lau. Amma da yara sun kunna gem, ko an sa fim mai 4K, sai allon ya yi baƙi na sakan biyu ko uku ya dawo, wani lokaci kuma wasu fararen ɗige-ɗige su riƙa walƙiya a cikin hoton. Idan aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, majigin yakan rubuta "No Signal" ya tsaya a haka sai an kashe komai an sake kunnawa. Ya kuma ce idan ya taɓa kan wayar dish yakan ji ɗan shokin. Wanda ya yi masa wayarin ya ce majigin ne ya lalace. Shin ya sayi sabo?

Alhaji, kada ka sayi majigi tukuna. Majigin da ke nuna ƙwallo tas na minti casa'in ba tare da ya ƙifta ba, da wuya a ce shi ne mara lafiya. Abin da na gani a bayaninka matsaloli ne guda uku da suka taru a ɗaki ɗaya, kuma kowacce maganinta daban. Akwai waya da aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinta, akwai na'urori da ba sa gama gaisawa da juna bayan an sauya wuta, sannan akwai shokin ɗin nan da ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba. A wurina shi ne ya fi tayar da hankali, kuma zan zo kansa.

Bari mu fara da ita wayar. Na sha yanka matacciyar wayar HDMI da reza in nuna wa yaran da ke koyon aiki a wurina abin da ke ciki, don mutane suna ɗaukarta kamar wayar wuta, wadda ko dai ta kawo ko ta ƙi. Idan ka ɓare baƙar robar za ka tarar da saƙar ƙarfe, ƙarƙashinta takardar azurfa, a ciki kuma tagwayen wayoyi huɗu, kowane biyu an murɗe su tare an naɗe su da tasu takardar. Uku suna ɗaukar hoto da sauti, na huɗu yana riƙe musu lokaci don su isa tare. A gefensu akwai wasu 'yan siraran wayoyi da ba su kai zaren ɗinki uku kauri ba. Biyu daga cikinsu ta nan majigi ke gaya wa amfilifaya irin hoton da zai iya karɓa, ɗaya tana ɗauke da wuta mai bolt 5, ɗaya aikinta kawai ta sanar cewa an jona wani abu, ɗaya kuma ita ce ke sa rimot guda ya sarrafa na'urori da yawa. Duka suna ƙarewa ne a kan 'yan haƙora 19 da ke bakin wayar. Amfanin sanin wannan shi ne alamar da ka gani a allo tana gaya maka waɗanne ne daga cikinsu ke wahala. Fararen ɗige-ɗige da ɗaukewar hoto na ɗan lokaci, wannan kukan tagwayen nan ne masu ɗaukar hoto. "No Signal" da ya ƙi tafiya, ko hoto ya koma ruwan hoda gaba ɗaya, yawanci siraran ne.

To me ya sa dikoda ke aiki gem ba ya yi, alhali waya ɗaya suke bi? Nauyin kayan ne ya bambanta. Tashoshin HD na dikoda suna zuwa ne a 1080i, wanda ke buƙatar kimanin gigabit 2.2 a sakan ɗaya (gigabit ma'aunin yawan bayanin da ke bin wayar ne). Cikakken 1080p mai hoto 60 a sakan yana cin kusan gigabit 4.5. Amma 4K mai hoto 60 da cikakken launi yana cin kusan gigabit 18, wato ninki takwas na abin da dikodarka ke turawa. Su kansu ƙa'idojin HDMI haka suka riƙa hawa: 1.4 da ya fito a 2009 ya tsaya a gigabit 10.2, 2.0 na 2013 ya kai 18, 2.1 na 2017 ya kai 48. Saurin yana ƙaruwa, amma jan ƙarfen da ke cikin waya bai canja hali ba. Duk lokacin da sigina ya ƙara sauri, yana saurin raunana a cikin jan ƙarfe, kuma kowace mita tana cin nata kason.

A aikin da na yi a gidaje, waya mai kyau ta jan ƙarfe zalla tana kai 1080p mita 10 zuwa 15 ba gardama, muddin tana da kauri. Gigabit 18 kuwa, daga mita 5 zuwa 7 ake fara addu'a. Gigabit 48 bai cika wuce mita 3 zuwa 5 ba. Taka mita 15 ce. Kaurin ana rubuta shi da AWG a jikin wayar, kuma lissafinsa a juye yake: 24 ya fi 28 kauri, 28 ya fi 30. Doguwar waya siririya mai laushi kamar igiyar caja, ko me aka rubuta a ledarta, ba za ta kai 4K wannan nisan ba.

Abin da ke rikita mutane shi ne HDMI ba ya dusashewa a hankali kamar hoton eriya na da, inda yashi ke ƙaruwa kaɗan-kaɗan amma kana ganin mai karanta labarai. Shi ko dai ya iso cikakke, ko ya faɗi. Tsakanin biyun akwai wani ɗan siririn gaɓa, kuma a kan wannan gaɓar wayarka take tsaye. Shi ya sa take yi yau ta ƙi gobe. Na taɓa yin wani aiki a Malali inda mai gidan ya rantse cewa majiginsa da dare kawai yake aiki. Na je da hantsi komai lafiya, na koma bayan azahar a watan Afrilu hoto yana ɗaukewa duk bayan 'yan mintuna. Da na hau cikin rufin, zafin da ke tsakanin kwano da silin bai bar ni na yi minti biyar ba, wayar kuma tana kwance daf da kwanon, robarta ta yi laushi. Jan ƙarfe yana ƙara taurin kai ga wuta idan ya yi zafi, kimanin kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri. Ba wani abu ba ne ga waya mai sauran ƙarfi, amma wadda dama da ƙyar take isarwa, wannan ɗan ƙarin ya ishe ta faɗi.

Duk wannan hasashe ne har sai ka gwada, kuma gwajin ba ya cin kuɗi. Ka samo gajeriyar wayar HDMI mai mita 1 ko 2, wadda ta zo a kwalin PlayStation ɗin ma ita ta fi. Ka ɗauko gem ɗin ka ɗora a kan tsani ko dogon tebur a ƙarƙashin majigi, ka jona shi kai tsaye, ba amfilifaya, ba doguwar waya. Ka bar yara su buga na awa guda a 4K. Idan bai ƙifta ba, majigi ya kuɓuta, gem ma ya kuɓuta. Sai mataki na gaba: ka mayar da gem ɗin kabad, ka cire doguwar wayar daga bayan amfilifaya ka jona ta a gem ɗin kai tsaye. Idan ɗaukewar ta dawo, ka kama ɓarawonka. Idan kuma ba ta dawo ba, sai da amfilifaya ta shiga tsakani, to ka duba gajerun wayoyin da ke cikin kabad da saitin amfilifayar, ko da yake sau da yawa a nan ma doguwar wayar ce, don wata na'urar tana tura sigina da ƙarfi fiye da wata.

Abu ɗaya nake roƙonka: ka riƙa canja abu ɗaya tak a kowane gwaji. Na ga mutane sun canja waya, sun canja ramin da ake jona wayar, sun taɓa saiti duk a lokaci guda, hoto ya dawo, ba wanda ya san me ya gyara shi, bayan mako biyu ya sake ɗaukewa an koma farko. Ka riƙe takarda ka rubuta abin da ka jona da abin da ka gani. Kuma kada ka yanke hukunci da minti biyar, tunda matsalar mai zuwa ce tana tafiya.

Akwai gwaji na biyu da ba sai ka ɗaga komai ba. Ka shiga saitin gem ɗin ka sauke hoton zuwa 1080p, komai yana jone yadda yake. Idan ɗige-ɗigen suka ɓace, magana ta ƙare, nauyi ne ya yi wa wayar yawa. PlayStation 5 yana da wani saiti mai suna "4K Video Transfer Rate", inda za ka zaɓi -1 ko -2. Yana rage yawan bayanin launi ya bar 4K ɗin, kuma a -2 nauyin yana sauka sosai, ido kuma da wuya ya gane bambanci a fim ko gem. Wannan zai iya riƙe ka kafin a yi gyaran gaske. Ka kuma leƙa saitin amfilifaya da na majigi, za ka ga zaɓi tsakanin "Standard" da "Enhanced" ko makamancinsu. Na farkon yana tsayar da komai a kusan gigabit 10, na biyun yana buɗe hanya zuwa 18. Wasu amfilifayoyin kuma suna ɗaga duk abin da ya shigo su mayar da shi 4K kafin su tura, ta yadda ko dikoda ma sai ta riƙa ɗaukewa. Tunda taka ba ta yi, ina jin wannan a kashe yake, ka bar shi a haka.

Kafin ka ɗora wa tsawon waya laifi gaba ɗaya, ka dubi bakunanta biyu da fitila. Waya mai kauri tana da nauyi, idan ta sauko daga silin ta shiga bayan majigi ba abin da ya tallafe ta, nauyinta yana jan bakin ƙasa har haƙoran sama su riƙa saki. Ka taɓa ta a hankali da yatsa hoto yana kan allo. Idan ya ƙifta, ka ɗaure wayar a jikin ƙarfen da majigin ke rataye don bakin ya huta. Ƙurar hunturu ma tana shiga ramukan da ba a toshe ba ta daskare, a hura ta da abin hura iska, kada a sa allura ko tsinke. Sannan ka tambayi mai wayarin, tsakani da Allah, ko mita 15 ɗin nan waya ɗaya ce, ko mita 10 da mita 5 aka haɗa da ɗan mahaɗi a cikin silin. Ana yin haka sosai idan ba a samu doguwa a kasuwa ba. Kowane mahaɗi, da kowane farantin bango mai ramin HDMI, yana cin wani abu daga siginar, kuma a 4K babu rarar da za a ci. Idan kuma akwai ɓeraye a rufin, kada ka cire su daga lissafi. Na taɓa zaro waya da aka gwaguye robarta har takardar azurfar ta bayyana, tana aiki a 1080p kamar ba abin da ya same ta.

Sai batun janareta. Duk lokacin da aka kunna kayan, kafin hoto ya fito sai sun yi gaisuwa. Majigi ya miƙa takardar shaidarsa, wadda ake kira EDID, mai ɗauke da irin hoton da yake karɓa. Sannan a yi musayar makullan kariyar kwafi, wato HDCP, wanda finafinan 4K ke buƙatar samfurinsa na 2.2 a kan kowace na'ura da ke kan hanyar. Duk wannan ta siraran wayoyin nan biyu yake bi, kuma su ma tsawo yana wahalar da su. Idan wuta ta yanke ta dawo cikin 'yan sakanni, kowace na'ura tana farkawa a nata lokacin. Dikoda ko gem ya riga ya yi sallama, majigi bai gama tashi ba, ba a amsa ba, shi kuma bai sake yi ba. Sai kowa ya zauna yana jiran kowa.

Maganin yau da kullum shi ne tsarin kunnawa: majigi da farko, a bar shi ya gama fitowa, sai amfilifaya, sai dikoda ko gem a ƙarshe. Idan ya maƙale, sauya tasha a amfilifaya zuwa wani rami ka dawo yakan tilasta sabuwar gaisuwa. In ya ƙi, a zare su daga soket na minti ɗaya. Ka kuma gwada kashe tsarin nan na rimot guda, CEC, wanda Samsung ke kira Anynet+, LG ke kira SimpLink, Sony kuma Bravia Sync. A ɗakin da ke da na'urori huɗu ko biyar yakan jawo wata ta kashe wata ko ta sauya rami ba a sa ta ba. Amma maganin da na fi so shi ne kayan kada su san an ɗauke wuta ma sam. A ɗora majigi da kabad ɗin gaba ɗaya a kan inbata mai tsaftatacciyar wuta ko UPS. Idan majiginka mai ƙwan fitila ne, wannan ya zama dole ta wata fuskar: bayan an kashe shi fankarsa tana ci gaba da juyawa don ta sanyaya ƙwan, kuma yankewar wuta farat ɗaya tana rage masa kwana.

Yanzu shokin. Alhaji, don Allah kada ka saba da shi. Yawancin dikodoji da ƙananan na'urori filoginsu ba shi da haɗi da ƙasa, kuma irin wutar da ke cikinsu tana ɗan yoyo zuwa jikin ƙarfensu. Idan ka sa mita tsakanin kan wayar dish da ƙasa ta gaskiya, ba mamaki ka ga bolt ɗari ko sama da haka. Ƙarfinta kaɗan ne, shi ya sa cizo kawai kake ji, amma ƙwaƙwalwar da ke bayan ramin HDMI da 'yan bolt kaɗan take aiki. Ranar da aka jona waya kayan suna kunne, haƙoran suka riga jikin ƙarfen taɓawa, ramin ya tafi ke nan. Ramukan HDMI da na gani sun mutu a garin nan, mafi yawansu ta hanya biyu ne: jonawa ana kunne a gidan da ba shi da wayar ƙasa, ko tsawar damina da ta biyo wayar dish ta ratsa dikoda ta shiga amfilifaya ta ƙarasa majigi. Kuma ba za ka iya rarrabe yoyon da ba shi da haɗari da na wayarin da ya lalace ta hanyar taɓawa da hannu ba. A kira ƙwararren mai aikin wuta ya auna.

Abin da za ka sa ya duba: shin ramin sama na soket ɗin mai ƙafa uku yana da waya a bayansa, kuma wayar ta kai ga ƙarfen da aka binne a ƙasa? Gidaje da yawa soket ɗin yana da ramin amma bayansa fayau. Shin soket ɗin majigi a silin da na kabad layi ɗaya suke? A gidan da ke da layi uku, sau da yawa an ja wa majigi wuta daga layin fitilu ko na fanka, kabad kuma yana kan wani layin daban, sai wayar HDMI ta zama gadar da bambancin ke bi. A ja musu daga wuri ɗaya. A haɗa jikin wayar dish da ƙasar gidan a inda ta shigo. Shi ma janareta a duba nasa haɗin. Kuma idan hadari ya haɗo daga gabas aka fara walƙiya, a kwance wayar dish daga bayan dikoda a zare filogi. Babu wata 'yar na'urar kariya da nake yarda da ita kamar wannan.

Za ka iya gane ko wutar gida tana da hannu a ɗaukewar hoton da kanka. Ka lura ko yana ƙiftawa ne daidai lokacin da AC ya tashi, ko firij, ko injin jan ruwa, ko an murɗa makunnin fanka. Ka kuma kwance wayar dish ka buga gem ka gani ko an samu sauƙi. Idan haka ne, akwai yiwuwar an kwantar da wayar HDMI jere da wayoyin wuta a cikin silin, ko ma an ɗaure su tare don aiki ya yi kyan gani. A raba su da kamar santimita 30, inda kuma dole su haɗu, su gicciye juna, kada su jera.

Idan gwaji ya tabbatar wayar ce, wanda nake kyautata zato, kada ka sake sayen wata ta jan ƙarfe mai mita 15 da fatan wannan karon za a dace. Ƙaramin abin ƙara ƙarfin sigina da ake maƙalawa a ƙarshen waya yakan ceci 1080p, amma ban cika ganin ya riƙe gigabit 18 a wannan nisan ba. Hanyoyi biyu ne na gaske.

Ta farko wayar HDMI ta faiba, wadda ake rubuta wa AOC. A cikin bakinta akwai 'yar na'ura da ke mayar da siginar haske, ya bi zaren gilashi, a ɗaya bakin a mayar da shi. Mita 15 ba komai ba ne a wurinta, har 30 da 50 tana zuwa, siririya ce, kuma hayaniyar wutar gida ba ta taɓa hoton. Amma tana da sharuɗɗa. Hanya ɗaya take bi: bakin da aka rubuta "Source" yana zuwa amfilifaya, mai "Display" yana zuwa majigi. Na taɓa zuwa gidan da aka ja ta a juye aka rufe silin aka yi fenti, ba abin da ya fito ko ɗigo. Ba ta son a lanƙwasa ta sosai ko a taka ta ko a ja ta da ƙarfi ta baki. Wutarta daga bolt 5 ɗin ramin HDMI take sha, ramin kuma abin da ƙa'ida ta ɗora masa kaɗan ne, kimanin miliamf 55, don haka wasu na'urorin ba sa ƙosar da ita. Idan ka ga tana ɗaukewa, akwai ɗan mahaɗi mai wayar USB da ke ƙara mata wuta. Sannan ka sani yawancinsu suna da siraran wayoyin jan ƙarfe a gefen gilashin don gaisuwar nan da wuta, saboda haka faiba ba ta ɗauke maka gyaran wayar ƙasa ba, kuma ba ta tare tsawa.

Ta biyu ita ce HDBaseT, tsarin da ya fito a 2010: akwati ɗaya a kabad, ɗaya a bayan majigi, wayar intanet Cat6 a tsakaninsu. Manyansu suna kai mita 100, ƙananan kuma mita 70 a 1080p da 40 a 4K. Daɗinta shi ne Cat6 tana shiga siririn bututu, ana yanka ta daidai tsawo a sa mata kai a wurin, idan fasaha ta canja kuma akwatunan kawai za ka sauya. A nan tarkon shi ne ita Cat6 ɗin. Kasuwa cike take da wadda cikinta alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, ana rubuta CCA a kwalin idan an yi gaskiya. Ka kankare ɗaya daga siraran wayoyin cikinta da wuƙa a gaban mai shago: idan cikin ya fito fari, ajiye ta. Kuma ka bambance HDBaseT na gaske da ƙananan akwatunan da ake sayarwa gidajen kallon ƙwallo, waɗanda yawancinsu 1080p kawai suke ɗauka. Ko a cikin na gasken ma, da yawa gigabit 10.2 ne asalinsu, suna matse hoton ne kafin su kai 18, don haka a karanta takardar da kyau.

A ɗakinka, da nisan mita 15 da majigi guda, ni faiba zan sa. Kayan sun fi ƙaranci, ba ƙarin akwati mai neman soket a silin, kuma abin da zai lalace ya ragu. Da a ce daga ƙasa ake jan hoto zuwa sama, ko ana raba shi ɗakuna, da na ce HDBaseT.

Wajen saye, kada lambar da ke jikin leda ta ruɗe ka. Kowa yana iya buga "8K" da ruwan zinari. Masu kula da ƙa'idar HDMI ba su ma yarda a kira waya da "2.0" ko "2.1" ba, daga cikin sunayen da suka sani akwai High Speed, da Premium High Speed mai gigabit 18, da Ultra High Speed mai 48. Biyun ƙarshe idan na gaske ne suna zuwa da tambari mai lambar QR a kwali, wanda ake dubawa da manhajarsu a wayar salula ya nuna sunan kamfani da tsawon wayar. Idan tsawon da ya nuna bai yi daidai da na hannunka ba, tambarin na wata wayar ne. Tsada kuma ba ta ƙara wa hoto launi ko haske, wayar da ta isar da siginar cikakke ta gama aikinta. Ko a shagunan Ahmadu Bello Way ka saya, ko a Kasuwar Sheikh Gumi, ko ka yi oda daga Legas, ka yi sharaɗi da mai kayan cewa za ka gwada, in ba ta yi ba ka dawo da ita.

Kuma ka gwada ta a ƙasa. Ka shimfiɗa ta a tsakar falon daga kabad zuwa majigi, a sa mafi nauyin abin da za a taɓa kallo, 4K mai hoto 60 da HDR, wato tsarin da ke ƙara wa hoto zurfin haske da launi, a bar shi kwana biyu, da rana da dare, a wutar gari da ta janareta, AC yana tashi yana tsayawa. Sai ta ci wannan jarrabawar sannan a hau da ita.

Hawan ma kada a maimaita kuskuren farko na jefa waya tsirara a kan POP. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma tunda an riga an rufe, abin da ya rage shi ne a buɗe ƙananan ƙofofi biyu, ɗaya saman kabad ɗaya kusa da majigi, a tura bututu tsakaninsu, mai POP ya mayar ya shafe. Bututun wayarin da aka saba da shi mai milimita 20 kan HDMI ba ya shiga cikinsa, mai 25 kuma yana maƙalewa a kwana. A sa mai 32, ko 40 in akwai wuri, duk inda zai yi kwana ta zama mai faɗi ba mai kaifi ba, a nisanta shi da kwanon rufi da wayoyin wuta. Akwai wayoyin faiba da kansu ke cirewa ya bar ɗan ƙarami don jan su a bututu, suna sauƙaƙa aiki. A naɗe bakin da leda kafin a ja saboda ƙura, a ɗaura igiyar ja a jikin wayar ba a bakin ba, a sake duba rubutun "Source" da "Display" kafin a fara. Ka sa a ja Cat6 guda ɗaya ta jan ƙarfe zalla tare da ita ko da ba za a yi amfani da ita yanzu ba, a kuma bar igiyar nailan a cikin bututun, bakinta ɗaya a kabad ɗaya a silin. Tsohuwar wayar kuma in tana nan lafiya kada a yanke ta, a bar ta jone a rami na biyu na majigin, tunda ta nuna tana iya ɗaukar dikoda.